Hannu Biyu a Kunci

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da Inna. Na rubuto ne don na san kunnenka ba ya ɗaukar maganar waya.

Zancen Yaya ne. Ka san ya bar damben boksin da ka koya masa ya koma na keji, inda ake naushi, a yi shuri, a kai gwiwa, a ka da mutum ƙasa. Asabar ta sama zai kara da wani dogo da suke kira Zalɓe.

Ni ba ɗan dambe ba ne, ɗinkin takalmi na iya. Amma ni nake gyara musu safar hannu in ta yage, kuma na auna. Irin taku kamar matashin kai take, in mutum ya haɗa biyu a kunci ya rufe ƙofa ruf. Ta keji ba ta fi tafin hannu ba, yatsu a waje. Na sa Yaya ya haɗa nasa, yatsuna huɗu suka wuce ta tsakani. Shi ya sa 'yan keji ba sa manna hannu a fuska. Gaba suke miƙa shi, su ɗan sassauto, su tsaya nesa-nesa don su tare ƙafa da mai son rungumo cinya. Yaya kuwa da an matsa masa sai ya rufe fuska ya duƙa, yadda ka yi ta sa shi a tsakar gida. A dambenku ba abin da ke tasowa daga ƙasa. A nan gwiwa ce ke jira.

Mai horar da su ya yi faɗa har ya gaji. Ni da na yi magana dariya Yaya ya yi, wai yaushe mai allura ya zama malamin dambe. Ya ce shekara goma sha biyu kana tsula masa tsumagiya in ya sauke hannu, ba zai sauke don ni ba. Kai kaɗai zai ji, Baba. Layi biyu ma ya isa.

Allah ya ƙara lafiya.
Ɗanka, Auta.

*

Auta,

Na ga takardarka. Muna lafiya, sai ƙafar uwarka.

Karo arba'in da ɗaya na yi da wannan tsaron, haƙorana na nan cif. Da shi yayanka ya sami sunan Katanga. Ban aike shi keji ba, amma tunda ya shiga, ba da bakina za a ce ya buɗe fuska ba. Wanda ya sauke hannu shi ake ɗauka ranga-ranga. Na rubuta masa dabam, na ce ya riƙe abin da ya gada. Kai kuma ka riƙe allurarka.

Allah ya yi muku albarka.
Mahaifinka.

*

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa. A kan bencin asibiti nake rubutun nan, ka yi haƙuri da karkacewarsa.

Tun turmin farko Zalɓe ya yi ta saran cinyar Yaya da ƙafa, shi kuwa ba abin tarewa, hannu na sama. A na biyu ya fara ɗingishi, ya jingina da wayar keji ya rufe fuska. Naushi biyu suka shiga ta tsakani. Sai ya duƙa. Ban ga gwiwar ba, ƙararta na ji.

Likita ya ce ƙashin ido ya fashe, jini ya taru a ka, amma sun zuƙe shi. Idon hagu ba sa sa rai da shi. Yau kwana uku. Abin da ke damunsu, duk wanda ya matso kusa da gadon sai hannuwansa su tashi su manne a kunci. Sau biyu yana fizge allurar ƙarin ruwa. Nas ta ce in bai bari ba sai sun ɗaure shi da gado. Na riƙe hannuwan na danna da dukan ƙarfina, ban iya ba.

Jiya ya gane ni. Ya ce, "Auta, ka gaya wa Baba ban sauke ba."

To na gaya maka. Takardarka tana cikin jakarsa, a naɗe cikin safar hagu. Ban taɓa ba.

A gaida Inna. Ka san yadda za ka faɗa mata.
Auta.

*

Auta,

Ina tafe a motar farko. Kada ka bari su ɗaure shi. In ya farka kafin in iso, ka karanta masa wannan a kunne, da ƙarfi:

Katanga, na gani. An tashi wasa. Sauke hannunka.

Mahaifinku.