Littafin Hamisu a Kan Buzun Kawu

Daren Talata, 9 ga Safar, Jibiya

Barci ya ƙi zuwa. Wallahi wasa na yi nufi.

Hamisu ɗan Kawu ya zo hutu daga kwaleji a Zariya da wani ƙaton littafi, wai tarihin zane da sassaƙa suke koyo. Ni ban iya boko ba, hotuna nake bi, har na iske wani mutumin dutse tsaye tsirara, ba ko bante. Na buɗe wurin, na aje kan buzun Kawu, na laɓe bayan zaure ina jiran a sha dariya. Ai taubashina ne, kullum haka muke.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Hamisu, ashe gumaka na tura ka ka koyo?" Hamisu ya durƙusa yana rantsuwa, wai a gaba akwai zanen soraye irin na Katsina, a buɗa a gani. Kawu ya ce Hamisu da Zariya har abada, ran Juma'a zai ƙetara Maraɗi ya koyi fatauci wurin ƙanen shi Kawun.

Na fito na ce, "Kawu, ni ne, tsokana ce." Ya ce, "Kai ka sassaƙa shi?"

Hamisu ko zagina bai yi ba. Da ya mare ni da na ji sanyi.

Ya Allah. Da asuba zan taka har Daddara wurin Kaka, ita kaɗai Kawu ke jin maganarta. To amma watan jiya na sa ta gudu ba takalmi, na ce akuyarta ta faɗa rijiya. Ko kuka na je ina yi, cewa za ta yi, "Ja'iri, yau kuma mi ka ƙullo?"