Sunan 'Yar Fari

Zuwa ga Dada, a Jahun.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Dada. Yaya ƙafar taki? Yaya Adama da yara? Ni lafiya lau nake, aikin tatsar shanu a nan ƙasar Turawa yana tafiya.

Sai dai jami'an shige da fice sun ƙi sabunta mini takardar zama. A ofishinsu wani Bature ya ce in faɗi sunan 'yata ta fari, don ya tabbatar da abin da ke cikin takarduna. Kin san mu ba ma kiran sunan ɗan fari, sai na sunkuyar da kai. Kafin in ɗago ya rubuta cewa ƙarya nake, wai irinmu duk haka muke.

Abokan aikina, Larabawa da Indiyawa har da wata tsohuwar Baturiya, suka ajiye aiki suka raka ni, muka wuni a ƙofar ofishin cikin ruwan sama. Da ƙyar aka sake sa mini rana. Ki sa musu albarka.

Yanzu kullum ina tatsa ina kiran sunan yarinyar da ƙarfi, don bakina ya saba. Zulfa. Ga shi na rubuta. Ki yafe mini rashin kunyar, Dada, a nan sai an ajiye kunya ake yarda da mutum.

Ɗanki,
Bubayero