Ƙanena ya sake saka sunana a tseren keken dutse

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara. Kaina ya ɗaure, jikina kuwa ba a magana.

Ni magidanci ne, na haura arba'in, ina aikin guga a sashen wanki na wani otal. Tun ina saurayi a keke nake zuwa aiki, shi ya sa na ɗauka ba wanda zai koya mini keke. Ina da ƙane, autanmu, wanda tun rasuwar mahaifinmu muka yi nisa da juna. Ba faɗa muka yi ba, zumuncin ne kawai ya yi sanyi, sai gaisuwar waya, ita ma a tsaitsaye. Shi ɗan tseren keken hawa duwatsu ne, irin mai ƙatuwar tayar nan. Bana sai ga shi ya ce in riƙa raka shi motsa jiki ranar hutuna. Na riƙa binsa da kekena a hanyar bayan gari, muna tafe muna hirar da muka daɗe ba mu yi ba. Wallahi na ji daɗi. Da ya ce zai saka ni a rukunin sababbin shiga, ban iya cewa a'a ba.

Ana gobe tsere ya kawo mini ɗaya daga cikin kekunansa, ya ce ya gama shirya shi, kada in taɓa komai. Da safe na matsa tayar na ji ta da laushi. Na ce kai, yaran nan da sakaci! Na ɗauko famfo na ɗura mata iska har ta yi tauri yadda nake yi wa tawa. Ashe da gangan suke rage iskar don tayar ta kama ƙasa.

Anti, na ga ta kaina. A hawan farko numfashina ya ƙare, na sauka ina tura keke ana wuce ni. Da aka zo gangara keken ya dinga tsalle da ni kamar ɗan akuya, hannuwana suka mutu a kan birki. A wata kwana tayar gaba ta zame, na kife cikin tsakuwa, gwiwa ta ɗaye, kafaɗa ta bugu. Ina zaune a gefe sai ga rukunin ƙwararru, Auta yana cikin na gaba-gaba. Ya tsaya. Ya duba ni, ya matsa tayar, ya dube ni. Ya rage iskar, ya biyo bayana a hankali har ƙarshe. Ko da muka iso an gama tsere, har ana kwance igiyoyin da aka shata hanya da su. Kuma ya daɗe yana shirin tseren nan.

Har yau bai tayar da maganar ba, sai ma ya sake saka sunana a tsere na gaba. Ni kuwa na gaji. Ɗaga dutsen guga ma da ƙyar nake yi, abokan aiki sun raɗa mini Sarkin Gangara, matata ta ce ba ta da sauran man zafi. Ba na son tseren nan ko kaɗan, tsoro yake ba ni. Amma ina ganin in na ce na fasa, bayan asarar da na jawo masa, zai koma inda ya fito, mu koma gaisuwar waya. Yaya zan yi?

Gajiyayyen Yaya

Amsa:

Ɗan'uwana, sannu da jiki. Da farko, kafaɗar da ta hana ka ɗaga dutsen guga ka kai ta asibiti a duba, da ita kake ci da iyalinka.

Ka yi kuskure, an ce kada ka taɓa ka taɓa. Girman kan yayye ne, kuma duk muna da shi. Amma shi ma Auta yana da nasa: ya ɗora ka a keken da ba ka taɓa hawa ba, a hanyar da ba ka sani ba, bai tsaya ya yi maka bayani ba. Ku biyun halinku ɗaya, ba ku iya buɗe baki ba, kuma shirun nan ne ya raba ku tun farko.

Kada ka shiga tsere na gaba don biyan laifi. Mai hawa gangara cikin tsoro da gajiya ya fi kowa faɗuwa, ka ga za ka sake tsayar da shi. Ka je gidansa da ƙafarka, ba ta waya ba. Ka ba shi haƙuri, ka gode masa, ka faɗa masa gaskiya cewa tsere ba naka ba ne, amma fitar ranar hutu tana nan daram. Ranar tserensa ka je ka riƙe masa ruwa a bakin hanya, ka yi masa ihu har muryarka ta dushe.

Zai iya jin ba daɗi na ɗan lokaci, wannan ban hana ba. Sai dai ni a ganina sake saka sunanka da ya yi, hanyarsa ce ta tambayar ko kana nan tare da shi. Shi ma tsoron da kake ji yake ji. Kai ne babba, ka riga shi magana. Allah ya ba ka lafiya, ya bar ku tare.