Ƙorafi Kan Ƙasar Man da Mahaifina Ya Zuba a Gonarsa

Barakatu Ɗanlahadi,
Yankara, Ƙaramar Hukumar Faskari.
14 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Aikin Gyaran Ƙasar da Man Tanka Ya Ɓata.

Ranka ya daɗe,

Game da: Tulin ƙasar da aka bari ba shinge, da abin da ya jawo wa Baba Ɗanlahadi

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina rubuto wannan takarda a madadin mahaifina, manomi ɗan shekara saba'in da huɗu, wanda bai iya rubutun boko ba.

1. Ranar 9 ga Nuwamba, 2024, tankar man dizil ta faɗi a bakin titin garinmu. A watan Janairu ɗan kwangilar da aka ɗauka ya kwashe ƙasar da ta sha man, ya jibge ta a fili gabas da gari. Ma'aikatansa suka gauraya ta da kashin shanu suna juyawa, wai haka ake kashe dafin man. Wannan bayani sai makon jiya muka ji shi.

2. Ba a kewaye wurin ba. Allo ɗaya aka kafa, shi ma da Turanci. Ranka ya daɗe, manomin da zai ga baƙar ƙasa da kashin shanu tuli guda ya ce ba taki ba ne, ba a haife shi ba a Yankara. Baba ya ji ɗan wari, ya tambayi mai gadi, aka ce masa ya ɗiba, ai rage musu aiki ya yi.

3. Daga 3 zuwa 21 ga Maris yana jigilar ƙasar zuwa gonarsa da jakinsa, mangala bayan mangala, har ƙafarsa ta kumbura. Na yi masa tsiya cewa ya fi samari zafin nema, ya yi dariya. Wannan dariya tana damuna har yau.

4. Da ruwa ya sauka ranar 12 ga Yuni, a wurin da ya fi zuba takin Baba ya shuka irin dawar mahaifiyarmu, Inna Kyauta, wadda ta rasu bara. Shekara arba'in ita ke zaɓen zangarniyar iri da hannunta, kuma wannan ne damin ƙarshe da ta ɗaure. Tsiro ya fito, ya yi ja, ya ƙone. Ya sake shuka sauran, haka. Ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba.

5. Tun daga nan kullum sai ya je gonar da fartanya, ya zauna a kan kunya, ya dawo ba ƙasa a bakinta. Ba ya zargin kowa sai kansa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Saboda haka muna roƙo a kewaye tulin tun wani bai ɗiba ba, a yi sanarwa da Hausa a kasuwa, kuma a kwashe abin da aka zuba a gonar. Shi Baba abu ɗaya ya ce in rubuta: a turo masanin ƙasa ya gaya masa gaskiya, damina nawa gonar za ta yi kafin ta sake fid da hatsi, don ya san ko zai jira ta ne, ko kuwa ya yi mata sallama.

Ina mai ƙanƙan da kai, Allah ya ƙara maka girma da adalci.

Taka mai biyayya,
Barakatu Ɗanlahadi
(da dangwalen yatsan Baba Ɗanlahadi)