Maɓallin da ke Ƙarƙashin Gado

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, kada ki damu, barci ne kawai ya ɗan ƙaurace mini.

Ran Talata da safe na shiga sharar ɗakin wata tsohuwa, Mis Loretta, a gidan tsofaffin da nake aiki. Na durƙusa in gaishe ta yadda kika koya mana, abin da ake yi mini dariya a kansa a nan. Ina yin ƙasa sai na hango maɓallin da take kiran mai jinya da shi, an naɗe wayarsa an cusa ƙarƙashin gado. Zanin gadonta a jiƙe, leɓenta ya bushe. Ta ce, "Ɗana, tun jiya nake kira." Na ciro maɓallin na mayar mata. Washegari ya sake komawa ƙasa.

Inna, mai jinyar da ke aikin dare a sashen Anti Kaltouma ce, wadda ta samo mini aikin, kuma a gidanta nake zaune. Da na yi mata magana ta ce, "Tsofaffi ashirin, ni kaɗai. Riƙe tsintsiyarka, Chamsou."

Ba ƙarya ta yi ba. Amma gobe zan gaya wa shef, wato shugaban wurin aikinmu, ko da zan nemi wani wurin kwana. Ki sa mini albarka. In labarin ya iso Maraɗi a karkace, ba ni kaɗai na gani ba. Sirajo mai kai abinci yana wurin, da Denise mai wanki.

Ɗanki,
Chamsou