Gayyar da Ubale Ya Raba Biyu

Gagarawa, Shawwal 1339

Daga Rahamatu 'yar marigayi Malam Ilu zuwa ga yayana Manu a Maigatari, gaisuwa da girmamawa. Ina gajiya, yaya kasuwar shanu, yaya Kande da yara? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Iya da ke taɓa ta in hadari ya haɗo. Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya fito gwanin sha'awa.

Bayan haka, Yaya, autanmu Ubale ya dawo daga Gumel, kuma an ce kai ka aiko a danƙa masa gandu bana. To, Allah Ya sa alheri. Duk shekarun da ya yi yana jan igiya a bayan Bature mai awon gonaki, ko akuya bai dawo da ita ba, sai wata jar hula da kalma guda: gwaji. Wai Baturen ya koya masa kada mutum ya gaskata komai sai ya raba abu gida biyu, ya yi wa ɗaya ya hana ɗaya, sannan ya zauna ya ga bambanci. Ka ji fa! Da kajina ya fara. Waɗansu ya ba su dusa, waɗansu tsaki, ya tsuguna a gindin rumbu yana ƙare musu kallo. Kafin ya gama nazarinsa shirwa ta gama nata.

Yanzu ya bar kaji ya koma kan mutane. So yake wai ya gano abin da ke sa ɗan Adam ya saki jiki ya yi aiki, ciki ne ko zuciya. In ya gano, in ji shi, za a kira shi Gumel a ɗora shi kan masu aikin hanya. Mutumin da bai taɓa kai kunya ɗaya ƙarshe ba!

Ba dariya ta sa na rubuto ba. Gandun nan shi ne cinmu, ba mu da wani. Iya ta tsufa, ni kuma tun rasuwar mijina a rumbunta nake ci. Ka ja masa kunne tun da sauran dama.

Kyauta mai jakuna zai kawo maka wannan. Iya tana sa maka albarka.

Ƙanwarka, Rahamatu

Gagarawa, Zulƙida 1339

Zuwa ga Yaya Manu, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali. Takardarka ta iso, na karanta wa Iya. Ka ce in ƙyale yaro, ilimin zamani ne, ba abin da mace za ta gane a ciki. Na gode. To ga labarin ilimin zamani.

An kira gayyar noman fari. Iya da kanta ta aika wa ƙanenta, Kawu Ɗantala, ya taso da mazajen ƙauyensu daga ƙasar Sule Tankarkar, har kwana suka yi a hanya. Mu kuwa mun daka fura, mun tuƙa tuwo har kafaɗa ta ƙage. Ubale ya kira Barau makaɗi. Da aka isa gona sai ya ja igiyarsa ya raba ta biyu, mutanen unguwarmu gabas, mutanen Kawu yamma. Ashe ya riga ya ja Barau gefe, ya ce ya tsaya gabas ya yi ta kirarin na gabas, kada ya kuskura ya ambaci ko mutum ɗaya na yamma. Barau ya ce wannan ba tsarin gayya ba ne. Da aka yi masa alkawarin riga, ya ce ashe tsari ne.

Yaya, kai ka san gayya. Wa ke barin gonarsa ya yi tattaki don tuwo? Mutum yana zuwa ne ya ji an kira sunan ubansa a bainar jama'a. Ni na kai fura, da idona na gani. Duk lokacin da ganga ta matso kusa da igiya sai Kawu ya ɗago kai, ya gyara tsayuwa, sai Barau ya juya ya koma gabas. Kawu fa, wanda a garinsu ba a fara kiɗan noma sai da takensa! Samarinsa suna kallonsa, shi yana kallon ƙasa.

Kafin azahar na gabas sun kai ƙarshe, na yamma suna tsakiya. Sai shashashan naka ya daka tsalle, ya jefa hula sama, ya tara jama'a ya yi musu bayani filla-filla. Ya ce da gangan ya yi. Fura ɗaya aka sha, ƙasa ɗaya aka noma, don haka ya tabbata yabo ke tura hannu, ba ciki ba. Har da yi wa Kawu godiya, wai da ba don shi ba da ba a sami ɓangaren da za a hana ba.

Kawu ya ɗauki fartanyarsa. Ya sunkuya shi da mutanensa suka ƙarasa rabonsu, don ba zai bar gonar yayarsa rabi ba. Suka kakkaɓe jiki, ba wanda ya dubi tuwon. Ko gida bai shigo ya sallami Iya ba. Ni ya ba saƙo, ya ce in gaya mata ya zo ne a matsayin ɗan'uwa, bai san jakin gwaji ake nema ba. Tuwo ya kwana ya yi tsami muka zuba wa awaki. Iya tun ranar ba ta cin abin kirki, shi kuwa gogan yawo yake yana ba da labarin nasararsa.

Ka gaida Kande. Allah Ya bar zumunci, abin da ya rage daga ciki.

Rahamatu

Gagarawa, Zulhajji 1339

Yaya Manu, ina gaisuwa. Kyauta ya ce ka wuce Damagaram da shanu, ban san ko wannan za ta same ka ba. Allah Ya dawo da kai lafiya.

Lokacin maimai, wato noma na biyu, ya yi har yana neman wucewa. Ka san me malamin naka Ubale ya ce? Wai gwaji ɗaya ba ya zama hujja, sai an maimaita an juya: wannan karon mutanen Kawu su sami ganga, na unguwarmu a yi musu shiru. Kuma da wannan maganar, wallahi, ya aika wa Kawu, haɗe da goron gayyata. Goron ya dawo a ƙunshinsa, ko kwance shi ba a yi ba.

Na unguwarmu kuma da suka ji, sai suka ce ashe kirarin da suka sha wancan karon ma ba don sun isa ba ne, tsaki aka watsa musu. Su sun fi Kawu fushi. Ranar gayya Barau kaɗai ya zo, sanye da sabuwar rigarsa, ya yi wa ciyawa kiɗa har rana ta take, ya rataya gangarsa ya tafi. Na shiga gida gida ina ba da haƙuri. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa kuma yana da uzuri.

Ciyawar harƙiya ta shanye geron nan, Yaya. Ya yi ja, ya tsaya iya gwiwa, na maƙwabta ya kai ƙirji. Ubale ya ɗauki fartanya rana ɗaya, hannu ya yi kanta, ya ajiye, ya ce shi aikinsa tunani ne.

Jiya da sassafe na ga Iya ta shiga ɗakin Malam ta fito da tsohuwar fartanyarsa. Na tare ƙofa, ta ce in ba ta hanya. Matar Malam Ilu, wadda tun da aka kawo ta gidan nan rana ba ta taɓa ganinta a gona ba, ta fita tana jan ƙafa. Na ɗauki tawa na bi ta. Masu wucewa suka riƙa kau da kai, ba wanda ya iya gaishe mu. Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba, har yanzu in na tuna sai hawaye.

Da hantsi sai ga Ubale ya zo. Na ɗauka karɓar fartanyar zai yi. Ina! Ya tsaya a bakin gona ya harɗe hannu ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce abin nan ya ɗaure masa kai, ya rushe masa bincike. Ga tsohuwa, ba ganga, ba kirari, amma ta fi na gabas sauri. Ya roƙe ta don Allah ta gaya masa abin da ke tura ta, yana son ya san dalili.

Iya ba ta ɗago ba, ba ta daina sara ba. Ta ce masa dalilin shi ne ta haifi ɗa kamarsa.

Yau ma tana can, ni ma yanzu zan bi ta. Ba ta ce in gaishe ka ba, ni ce nake gaishe ka.

Ƙanwarka, Rahamatu 'yar Malam Ilu