Ma'aunin Albarushin Babanku

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce Ummu Hani, matar marigayi Malam Labbo, a gidanmu na Badariya. Ƙafafuna sun ƙi ni, numfashi ma sai na lallaɓa shi, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya sa ni faɗin abin da ke cikin takardar nan. Zuwa gare ku 'ya'yana da suka rage: Abbas, Sunusi da Hanifa.

Na ɗaya. Gida da sauran abin da na bari, ku kira malamai su raba yadda Allah Ya ce. Ba ni da ta cewa a nan.

Na biyu. Baiwa, ɗiyar ɗan'uwanku Tamba, ba ta da gado a wurina tunda ubanta ya riga ni tafiya. Don haka na ba ta gonar shinkafata ta Augie daga cikin sulusin da shari'a ta bar mini. Abbas da Sunusi, ku za ku noma mata ita, tare, har ta yi aure. Na san abin da nake nema a wurinku. Tun ranar da aka kai Tamba makwancinsa ba ku ci abinci a kwano ɗaya ba.

Babanku ma'aikacin gwamnati ne, ba maharbi ba, amma harbin agwagin ruwa ya shiga jininsa. Duk Asabar yana fadamar Argungu da bindigarsa mai baki biyu. Ba ya yar da kwanson harsashi. Sai ya tsinto su, ya baje tabarma a zaure, ya sake cika su da hannunsa, yana fito kamar mai gyaran goro. Na sha yi masa tsiya cewa agwagwar da yake kawowa ba ta kai wahalar figarta ba. Haka kuka taso kuna zagaye da tabarmar nan ku uku maza, har da Tamba, kuma ban taɓa ganinku kuna dariya a ko'ina kamar a wurin ba.

Yana da ɗan ma'auni na tagulla, bai fi kan babban yatsa ba, wanda wani maƙeri ya yi masa daidai da baƙin albarushin da ya saba saye. Ya hore ku da cewa kada a ƙara, kada a rage. Bai taɓa gaya muku ma'aunin na wannan albarushin ne kaɗai ba, domin shi bai taɓa aiki da wani ba.

Bayan rasuwarsa kuka ci gaba da al'adar, na kuwa ji daɗi. Da baƙin albarushin ya yi wuyar samu, kai Sunusi ka samo na waje, mai ƙarfi, ka kawo da murnarka don kada Asabar ta wuce ku. Kai kuma Abbas ka auna shi da ma'aunin babanka, ba ka ƙara ba, ba ka rage ba, yadda aka koya maka. Tamba ne ya ɗaga bindiga da safen nan. Ta tarwatse a fuskarsa, kuka ɗauko shi cikin jirgi, bai kai bakin gulbi da rai ba.

Tun daga nan Abbas yake cewa wanda ya sayo ne ya kashe shi, Sunusi yake cewa wanda ya auna ne. A gaban mutane ke nan. Ni da na haife ku na san ba haka kuke faɗa wa kanku ba. Abbas, na ga yadda ka daina auna komai, ko da sukari ne a shayi sai ka miƙa wa wani ya zuba. Sunusi, matarka ta gaya mini ka daina bin hanyar Argungu, ko ta aiki ce sai ka nemi wani ya je. Kowanenku ya ɗora wa ɗan'uwansa kayan ne don ya gagare shi ɗauka shi kaɗai.

Na uku. Ku ji daga bakin uwar mamacin, wadda ta fi kowa hakki a jininsa: na yafe. Ban ma ga laifin da zan yafe ba. Ɗaya ya yi wa 'yan'uwansa hidima, ɗaya ya bi umarnin ubansa, ajalin Tamba kuma ya zo. Idan ni na iya faɗin haka, ban ga wanda ya isa ya riƙe ba.

Na huɗu. Ragowar albarushin da ke ɗakin zaure, da kwansunan, da bindigar Sunusi, a miƙa su ga hukuma. Kada wani jikana ya sake zama a kan tabarmar nan.

Na biyar. Hanifa, ke za ki yi mini wanka. A bakin zanena za ki tarar da ƙulli. Ma'aunin ne. Ni na ɗauke shi daga zaure ranar, kuna ta nemansa na yi shiru. Ki damƙa shi ga yayyenki idan suna tsaye wuri ɗaya, ban yarda ki ba ɗaya shi kaɗai ba. Bayan addu'ar bakwai su je Argungu, su shiga jirgi ɗaya ba tare da mai tuƙi ba, har inda abin ya faru. Ɗaya ya riƙe filafili, ɗaya ya jefa ma'aunin cikin ruwa. Ban damu da wanda ya yi wanne ba. Abbas da Sunusi, idan kuka zai zo muku, ku yi shi a can, ba mai ganinku.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, Ya haskaka kabarin Labbo da na Tamba. Ku riƙe Hanifa, ku riƙe Baiwa, ku riƙe juna. Ɗa ɗaya Allah Ya karɓa daga hannuna a fadamar nan, amma shekarun nan duka makokin uku nake yi. Ina roƙonku, ku mayar mini da biyun, ko da ba ina nan zan gani ba.

Mahaifiyarku,
Ummu Hani